Idan Na'ura Ta Ƙi Yatsan Manomi, Laifin Wa?

A da, idan gwamnati za ta raba taki ko ta ba da rance, manomi yana haɗuwa da ita ne a fuskar mutum: malamin gona, ko hakimi, ko akawun ƙaramar hukuma. Yana iya yin tambaya a maimaita masa, yana iya roƙo a yi masa uzuri. Yanzu abin ya sauya. Inda talaka ya fi cin karo da manufar gwamnati shi ne saƙon tes da ya shigo wayarsa, ko lambar da zai danna mai tauraro a farko, ko ɗan gilashin da za a ce ya ɗora babban yatsansa a kai. Idan saƙon ya zo da Turancin da bai ji, ko lambar ta katse kafin ya gama, ko gilashin ya ƙi yatsan, to manufar nan ta tsaya a nan, komai kyan da take da shi a takarda a Abuja.

Akwai fannin ilimi da aikinsa ke nan: nazarin abin da ke faruwa a daidai gaɓar da mutum ya haɗu da na'ura. Ana kiransa binciken mu'amalar mutum da kwamfuta, a Turance kuma ana gajarta sunan da HCI. Kalmar kwamfuta a nan tana da faɗi. Ta haɗa da ƙaramar waya mai tocila, da na'urar POS, da na'urar tantance masu zaɓe. Masu wannan fanni sun fito daga kimiyyar kwamfuta, da nazarin halayyar ɗan Adam, da nazarin zamantakewa. Hanyar aikinsu ba ta da wani rufin asiri: su ba mutum na'ura, su ce ya yi wani aiki da ita, su koma gefe su yi shiru suna kallo. Ina ya tsaya? Me ya danna bisa kuskure? Daƙiƙa nawa ya ɗauka? Wa ya waiwaya ya tambaya? Wasu kuma sukan tare a ƙauye ko a kasuwa na makonni, don su ga yadda ake amfani da abin idan babu mai sa ido.

Tambayar ita ce, me irin wannan bincike zai gaya wa mai tsara manufa, musamman a wuri irin Birnin Kebbi da Argungu, inda manyan shirye-shiryen gwamnati na noma suka bi ta cikin waya da banki?

Maɓallai biyu masu kama ɗaya

Bari mu ɗan koma baya, don asalin fannin yana ɗauke da darasin gaba ɗaya. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa faɗuwa da ciki a filin sauka, bayan sun dawo lafiya daga fagen fama. Rahotanni suka yi ta cewa kuskuren matuƙi ne. A 1943 wani matashin masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya shiga ɗakin matuƙin ya duba. Sai ya tarar maɓallin da ke naɗe tayoyi da wanda ke sarrafa ɓangaren fiffike suna kusa da juna, kuma kamarsu ɗaya. Matuƙin da ya gaji, ya miƙa hannu ba tare da ya kalla ba, sai ya naɗe tayoyi jirgi yana ƙasa. Chapanis bai ce a ƙara wa matuƙa horo ba, bai ce a hukunta su ba. Ya manna ɗan ƙaramin taya na roba a kan maɓalli ɗaya, ya ba ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko a cikin duhu. Irin wannan haɗari ya kau. Daga baya abin ya shiga dokokin ƙera jirage, har yau siffar waɗannan maɓallai a rubuce take a ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka.

Ka ga hanyar da bincike ya bi ya zama doka: an lura da kuskuren da ke maimaita kansa, an daina ɗora wa mutane laifi, an gyara ƙirar, sannan aka wajabta gyaran.

Misali na biyu ya fi kusa da siyasa. A zaɓen shugaban Amurka na 2000, a gundumar Palm Beach ta jihar Florida, an jera sunayen 'yan takara a shafi biyu masu fuskantar juna, ramukan da ake hudawa kuma suna tsakiya. An yi haka ne da kyakkyawar niyya, don a ƙara girman rubutu saboda tsofaffi. Amma sunan Al Gore shi ne na biyu a hagu, raminsa kuwa na uku ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa sama da mutum 2,000 da suka yi nufin zaɓensa sun huda wa wani ɗan takara daban. George Bush ya ci Florida da ratar ƙuri'a 537, da ita kuma ya ci ƙasar. Mu ma nan, a zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da 'yan takara 73 suka cika takarda, ƙuri'un da aka soke sun haura miliyan ɗaya. Nawa ne daga ciki tsarin takardar ya jawo? Tambaya ce da gwaji zai iya amsawa, da za a yi shi.

Taki ta saƙon tes

A 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin GES. Maimakon a sayo taki a raba ta hannun jami'ai, inda yake zurarewa a hanya, sai a yi wa manomi rajista, a turo masa saƙo a waya, ya je wurin dillali ya karɓi buhu biyu a kan rabin farashi, tare da iri. Tunani ne mai kyau, kuma ya rage wa 'yan-na-kama ƙarfi. Sai dai shirin ya tsaya ne a kan wasu zato da ba a faɗa ba: cewa kowane manomi yana da wayarsa ta kansa, cewa lambar da ya bayar ranar rajista ita ce a hannunsa ranar rabo, cewa akwai sabis a ƙauyensu da kuma rumfar dillali, cewa zai karanta saƙon, kuma ba zai goge shi ba a cikin tarin tallace-tallacen da kamfanonin waya ke turowa.

Duk wanda ya san fadamar Rima ya san kowane ɗaya daga cikin zaton nan yana iya karyewa. Gida guda na iya raba waya ɗaya tsakanin mutum biyar. Layi yakan faɗa ruwa. Waya takan kwana biyu a shagon caji.

Kafin a fara shirin ma, akwai binciken da ya riga ya yi magana a kan wannan. Indrani Medhi da abokan aikinta a cibiyar bincike ta Microsoft da ke Bangalore a Indiya sun yi hira da masu ƙarancin karatu a Indiya, Kenya, Filifin da Afirka ta Kudu, sannan suka gwada hanyoyi uku na tura kuɗi ta waya: ta rubutu, ta murya, da ta hotuna haɗe da murya. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna cewa hanyar rubutu ba ta yi wa marasa karatu aiki, ta hotuna ta fi kai mutane ƙarshen aikin, ta murya kuma ta fi sauri. Sun kuma lura da abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, mutane da yawa da ba su karanta kalmomi suna gane lambobi sarai; mai sayar da kifi a Argungu ba ya kuskuren lissafi. Na biyu, tsarin zaɓi mai rassa, wato danna 1 ka shiga, daga nan danna 3, daga nan danna 2, yana rikita wanda bai saba ba ko da an cire rubutun gaba ɗaya.

Da matsalar sabis da ta waya suka bayyana, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a farkon 2013 kan batun raba wa manoma wayoyi miliyan 10. Gyaran da ya fi ma'ana ya zo ne daga maƙwabtanmu: a jihar Sakkwato da Abuja an gwada wani kati da ake kira TAP, tare da ƙungiyar IFDC. Manomi ya riƙe katinsa, dillali ya taɓa shi a jikin na'ura, a tantance shi ko babu sabis a lokacin. Wato an daidaita fasahar da rayuwar mutane. Amma an kai ga haka ne bayan damina ta wuce wa wasu.

Ga wani ɗan ƙaramin abu da masu cewa "a fassara saƙon kawai" ba su cika sani ba. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160 ne idan an tsaya a kan haruffan da tsohon tsarin waya ya sani. Da zarar ka saka ƙ ko ɗ ko ɓ guda ɗaya, sai saƙon ya koma wani tsari da ke ɗaukar 70 kacal, kuɗin turawa ya ninka, wasu ƙananan wayoyi ma su nuna akwati a madadin harafin. Shi ya sa ake turo Hausa babu lanƙwasa, mai karatu ya yi ta canka ko "kasa" ake nufi ko "ƙasa". Kuma Kebbi ba Hausa kaɗai ba ce. Akwai Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci da C'lela. Ga kuma ɗimbin dattawan da ake rubutawa a matsayin marasa ilimi alhali suna karanta ajami tiryan-tiryan.

Yatsan da ya sha laka

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba ƙananan manoma rance, wanda aka fi sani da Anko Borowa. Tsarin shi ne manoma su haɗu ƙungiya-ƙungiya, a ba su iri da taki da maganin feshi da ɗan kuɗin aiki a kan ruwan kashi 9 cikin ɗari, idan sun girbe su kai amfanin ga kamfanin da aka haɗa su da shi, a cire bashin. Kebbi ce ta zama zakaran gwajin dafi. A waɗannan shekaru ne aka ji sunan shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwa da Legas a ƙarshen 2016, aka kuma buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a Agustan 2017, ga Labana a Birnin Kebbi.

Ƙofar shiga shirin ita ce asusun banki da lambar BVN, wadda aka ɓullo da ita a 2014. BVN kuwa ana samunta ne da hoton fuska da zanen yatsu. To a nan ne jikin mutum ya shigo cikin manufa. Na'urar ɗaukar yatsa tana neman siraran layukan da ke kan fata ne, ta auna inda suka rabu da inda suka ƙare. Hannun da ya shekara 40 yana riƙe fartanya, yana dashe a cikin laka, ko yana jan homa a Matan Fada, layukansa sukan side, fatar ta yi kanta ko ta tsattsage. Tsufa ma yana rage su, sanyin hunturu yana busar da su. Ba hasashe ba ne. Binciken ingancin zanen yatsa ya daɗe da nuna cewa masu aikin ƙarfi da tsofaffi su na'ura ta fi ƙi. A Indiya, inda aka ɗaura rabon abinci da tantance yatsa ƙarƙashin tsarin Aadhaar, masu bincike irin su Jean Drèze sun nuna yadda hakan ya hana wasu talakawa a jihar Jharkhand rabonsu. Abin lura shi ne kuskuren na'ura ba ya faɗa wa kowa daidai wa daida. Ya fi samun wanda aka ƙirƙiro shirin dominsa.

Kuma ba talaka kaɗai ba. Ranar 28 ga Maris, 2015, na'urar tantance masu zaɓe ta kasa karanta shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke, duniya tana kallo. A wasu rumfuna an ruwaito cewa ma'aikatan wucin gadi ba su ɓare 'yar ledar da ke rufe gilashin na'urar ba. Dariya abin zai ba ka, amma mai binciken HCI zai tambaya: me ya sa aka ƙera ledar yadda ba a ganinta? Da launinta ja ne da rubutu a kai, wa zai manta? Na'urar BVAS da ta zo daga baya ta ƙara tantance fuska, idan yatsa ya ƙi a koma can. Wannan shi ne ƙa'idar da ya kamata kowace manufa ta ɗauka, a samar da ƙofa ta biyu, a kuma rubuta ta a cikin dokar tun farko.

Akwai ɓangare na biyu na Anko Borowa da a ganina ya fi na yatsa muhimmanci. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai na rancen aka biya. Babban Banki ya musanta, ya ce ya kai kashi 52, daga cikin sama da Naira tiriliyan ɗaya da aka raba a faɗin ƙasa. Ko wanne ka ɗauka, gibin babba ne. Dalilan suna da yawa: ambaliya, kayan aikin da suka iso a makare, manoman bogi da aka cusa, sayar da amfani a bayan fage. Amma akwai wanda aka yi ta ambata, cewa manoma da dama sun ɗauki abin a matsayin rabonsu na gwamnati, ba bashi ba.

Da sauƙi a ce son banza ne. Masu wannan fanni suna da wata hanyar kallon abin. Don Norman, a littafinsa na 1988 kan ƙirar kayan amfanin yau da kullum, ya yi bayanin cewa kowane mai amfani da abu yana ɗauke da hoton yadda abin yake aiki a cikin kansa, kuma yana gina hoton ne daga abin da ya gani, ba daga abin da mai ƙira ya nufa ba. To duba abin da manomi ya gani: 'yan siyasa a kan mumbari, buhunan taki ana saukewa daga mota, fom na Turanci da ya dangwala wa hannu, asusun da bai taɓa ganin cikinsa ba. Wanne daga ciki ya yi kama da bashi? Bashin da ya sani shi ne na ɗan kasuwar da ya ba shi kuɗin man injin ban-ruwa, suka yi magana baki da baki a gaban shaidu cewa buhu kaza zai biya da kaka. Gwajin da za a yi a nan mai arha ne ƙwarai: bayan an yi wa manoma goma rajista, a ja kowanne gefe a tambaye shi da harshensa, nawa ake binka, yaushe za ka biya, me zai faru idan ruwa ya ci gonar? Idan bakwai suka kasa amsawa, fom ɗin ne bai yi aikinsa ba, kuma gara a sani kafin a kai ga mutum dubu ɗari.

Watannin da kuɗi suka ɓace

Takardar kuɗi ita ma fuska ce da aka tsara. Wanda bai yi boko ba yana gane ta da launi, da hoton da ke jiki, wani kuma da ajamin da ke kan 200 da 500 da 1,000, wanda aka cire daga ƙananan takardu tun 2007. Ba ta buƙatar caji, ba ta buƙatar sabis, ba ta katsewa.

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, Babban Banki ya sanar da sauya fasalin waɗannan manyan takardu uku. Sababbin suka fito a tsakiyar Disamba, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin ba su wadata ba, aka ce jama'a su koma taransifa. Kowa ya tuna yadda aka sha. Sai ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce tsofaffin su ci gaba da aiki. Binciken EFInA na shekarar ya nuna kusan rabin manya a Arewa maso Yamma ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi.

Ga mai ƙaramar waya, taransifa na nufin lambobin USSD. Bari mu ƙirga abin da ake nema daga gare shi. Ya tuna lambar bankinsa. Ya karanta jerin zaɓi da Turanci. Ya shigar da lambar asusu mai alƙaluma 10 ba kuskure, alhali ba zai iya fita ya dubo ta ba, don fita na nufin farawa daga farko. Ya nemo bankin wanda zai tura wa a cikin dogon jeri. Ya sa lambar sirri. Duk wannan kafin layin ya katse, don an ƙayyade wa kowane zama lokaci. Tun Maris na 2021 kuma aka sa kuɗin Naira 6.98 a kan wannan hidima, a 2025 aka mayar da shi ana cira daga katin waya a kan kowane zama na daƙiƙa 120. Wa ya auna daƙiƙa nawa dattijo mai raunin gani yake buƙata a tsakar rana a kasuwar Argungu? Wannan lamba, 120, manufa ce. Wani ne ya zaɓe ta, kuma ana iya zaɓenta bisa awo.

Abin da mutane suka yi shi ne abin da suka saba: suka nemi mai taimako. Ɗa, ko jika, ko mai POS na bakin kasuwa. Nithya Sambasivan da abokan aikinta sun yi nazarin wannan a unguwannin talakawa na Bangalore a 2010, suka nuna cewa a wurare irin namu mai amfani da na'ura sau da yawa mutum biyu ne, mai buƙata da mai dannawa. Tsarin bankinmu kuwa an gina shi a kan mutum ɗaya, waya ɗaya, lambar sirri ɗaya da ba a faɗa wa kowa. Sai ga tsohuwa tana miƙa kati tana faɗin lambar da ƙarfi, ga matar aure da ba ta fita tana aiken yaro da katinta. Idan kuɗi suka salwanta, ƙa'ida ta ce ita ta yi sakaci. Da manufa ta yarda cewa haka ake rayuwa, da ta nemi wata ƙira: na'urar da za ta furta adadin da Hausa kafin a cire, ko hanyar wakilta wani da iyakar abin da zai iya ɗauka, ko rasit da marar karatu zai iya tantancewa.

Ita kuwa eNaira da aka ƙaddamar a Oktoban 2021, wani nazarin Asusun Lamuni na 2023 ya ce kashi 98.5 cikin ɗari na asusunta ba a taɓa su a kowane mako. Ba sai an yi dogon sharhi ba.

Inda aka dace

Kada a ce komai baƙi ne. A 2023 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin waya: *310# duba kuɗi, *311# saka kati, ko wane layi kake riƙe da shi. Nauyin haddacewa ya ragu ga mai layi biyu ko uku, wato kusan kowa. Hukumar JAMB ma, bayan ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, ta lura ɗalibin da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana asarar lokaci a kan abin da ba shi ake jarrabawa ba, sai ta kawo tsarin maɓallai takwas: A, B, C, D na amsa, sauran na gaba da baya da miƙawa. A ƙetaren iyakarmu kuma, a jihohin Dosso da Damagaram na Nijar, Jenny Aker da abokan aikinta sun gwada saka koyon waya a cikin ajin yaƙi da jahilci a 2009 da 2010, da Hausa da Zabarmanci. Ƙauyukan da aka koyar da wayar sun fi samun maki a rubutu da lissafi. Wato ba ƙirar kaɗai ake gyarawa ba, ana iya ƙarfafa mutanen ma, kuma an gwada hakan a kan mutanen da harshensu da nomansu irin namu ne.

To me ya hana binciken isa teburin masu mulki?

Wani ɓangare laifinmu ne mu masu bincike. Muna rubutu da Turanci mai nauyi a mujallun da kwamishina ba zai taɓa buɗewa ba, muna ɗaukar shekara biyu, shi kuwa kasafin kuɗi wata uku gare shi. Akwai kuma saɓanin fahimta kan adadi. Idan ka ce ka gwada da mutum goma sha biyu, jami'i zai ce mutum goma sha biyu a jiha mai ƙananan hukumomi 21? Amma manufar gwajin ba ƙidaya ba ce, neman inda ake tuntuɓe ne. Jakob Nielsen ya shahara da nuna cewa mutum biyar kan bankaɗo mafi yawan matsalolin ƙira, muddin irinsu ɗaya ne. Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan zancen: biyar daga ma'aikatan sakatariya a Birnin Kebbi ba za su wakilci masunta ba, masunta ba za su wakilci matan da ke turara shinkafa a gida ba. Sai a ɗebo biyar-biyar daga kowane rukuni.

Wurin da bincike ya fi saurin zama manufa shi ne takardar kwangila. Birtaniya ta bi wannan hanya bayan ta buɗe shafin GOV.UK a 2012: hidimar gwamnati ba ta fita sai ta tsallake tantancewa, ciki har da shaidar an gwada ta da mutanen da za su yi amfani da ita, da tanadin taimako ga wanda ba zai iya da kansa ba. Jiha ma tana iya rubuta irin wannan. Duk kamfanin da zai yi rajistar manoma ko 'yan fansho ko masu karɓar tallafi, a sa masa sharaɗin cewa kashi kaza na waɗanda aka gwada su kammala ba tare da taimako ba, a kan ƙaramar waya, a ƙauyen da sabis ke rawa, kafin a biya shi kuɗin ƙarshe. A kuma wajabta masa bayyana adadin waɗanda suka fara suka kasa gamawa. Yanzu abin da ake sanarwa a taron manema labarai shi ne mutum nawa aka yi wa rajista. Wanda na'ura ta ƙi ya koma gida ba ya cikin kowane lissafi. Ma'aikatan gwajin kuma suna nan: ɗaliban kwamfuta da na zamantakewa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, waɗanda kowace shekara suke neman batun aikin kammala karatu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar kare bayanai ta 2023, sun riga sun ba da madogara.

Sai dai a yi hattara da ɗora wa fannin abin da ba zai iya ba. Ƙira mai kyau ba ta kafa turken sabis, ba ta hana jami'i cusa sunayen 'yan uwansa. Kuma ilimin nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Manhajojin ba da bashi na waya da suka addabi mutane, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta far musu a 2022, sun ƙware wajen sauƙaƙa karɓa da ɓoye kuɗin ruwa. Su ma sun yi nazarin ɗan Adam. Tarayyar Turai ta kai ga haramta irin wannan ƙira ta yaudara a dokarta ta hidimomin intanet, kuma masu binciken HCI ne suka fara tattara ire-irenta suka ba su suna.

Idan za a zaɓi wuri ɗaya a fara a Kebbi, ni gargaɗin ambaliya zan zaɓa. A daminar 2020 ruwa ya shafe gonakin shinkafa da rahotanni suka ƙiyasta da kimanin hekta 450,000 a jihar. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya, sukan kuma lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma "Argungu tana cikin haɗari sosai" bai gaya wa mai gona a bakin gulbi abin da zai yi ba. Shi tambayarsa ita ce ko ya yanke shinkafarsa yau da sauran ɗanyenta, ko ya jira kwana biyar ta ƙarasa nuna, kuma idan an saki ruwa daga madatsar Goronyo ko ta Bakolori, kwana nawa zai yi kafin ya iso. Saƙon murya ne zai fi ko na rubutu? Daga bakin wa za a fi yarda da shi, hukuma ko Sarkin Ruwa ko limamin gari? A ce "kashi 70 cikin ɗari" ko a ce "ruwa zai iya kaiwa inda ya kai a 2020"? Sau nawa za a yi gargaɗi ruwa bai zo ba kafin mutane su daina saurare? Kowace daga cikin tambayoyin nan ana iya gwada ta da rani, a ƙauyuka biyar ko shida tsakanin Augie da Argungu da Birnin Kebbi, a samu amsa kafin watan Agusta.